uni-assist: Abin da Yuro 75 Ke Saya wa Mai Neman Jami'a a Jamus

Duk wanda ya fara neman karatu a Jamus ba ya daɗewa sai ya ci karo da sunan uni-assist. Wasu suna ɗauka JAMB ɗin Jamus ce, wasu kuma suna zaton kamfanin dillalan karatu ne. Duka biyun kuskure ne, kuma kuskuren yana cin kuɗi. Ƙungiya ce da jami'o'in Jamus suka kafa a 2003 tare da DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta Jamus, da majalisar shugabannin jami'o'in ƙasar. Ofishinta yana Berlin, kuma a yau jami'o'i sama da 150 ne suka damƙa mata aiki guda: ta duba takardun wanda ya yi karatu a wata ƙasa, ta faɗa ko sun cika sharaɗin kwas ɗin da yake nema, ta juya makinsa zuwa ma'aunin Jamus. Kamar mai awo take a kasuwar hatsi. Ba shi ke saye ba, ba shi ke yanke farashi ba, amma buhun da bai bi ta hannunsa ba ba ya isa gaban mai saye. Gurbin karatu jami'a ce ke bayarwa ko ta hana. Tallafin karatu kuwa ba ya cikin aikinta ko kaɗan.

A ganinmu aikin da take yi tana yin sa da tsari da adalci, kuma kuɗinta bai yi yawa ba. Sai dai ba ta da sassauci, ba ta da sauri, ba ta ba da shawara, kuma ba ta mayar da kuɗi. Wanda ya gama bincikensa kafin ya biya zai ji daɗinta. Wanda ya biya don a gaya masa ko ya cancanta, ya sayi labarin da zai iya samu kyauta.

Kafin komai, ka tabbata jami'ar da kake so tana aiki da ita. Ba dukkansu ba ne. RWTH Aachen, alal misali, shafinta take amfani da shi, kuma wa'adin digiri na biyu ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba 1 ga Maris ne. Akwai kuma jami'ar da ke tura masu neman digirin farko uni-assist amma ta karɓi na digiri na biyu da kanta, ko ta bambanta daga kwas zuwa kwas. Abin da shafin kwas ɗin ya ce shi ne doka, ba abin da wani ya faɗa a zauren WhatsApp ba. Waɗanda ke aiki da ita kuma hanya biyu suke bi. A ta farko, kana cike komai a shafin uni-assist, idan takardunka sun cika ita ce za ta miƙa su ga jami'a. A ta biyu takarda kawai za ta ba ka mai suna VPD, kai ne za ka ɗauke ta ka je shafin jami'ar ka nemi gurbi da kanka. Jami'ar fasaha ta Munich, wato TUM, wannan hanyar take bi. Za mu dawo kan VPD, domin a nan ne mutane da yawa ke asarar zango guda.

Kuɗin kansa a bayyane yake. Kwas na farko Yuro 75, kowane ƙarin kwas a zangon karatu ɗaya Yuro 30, ko a jami'a ɗaya ne ko a jami'o'i daban-daban. Kwas huɗu ke nan Yuro 165. Idan ba a dace ba aka sake nema a zango na gaba, lissafin daga 75 yake sake farawa. Akwai jami'o'i kaɗan da ke ɗauke wa mai nema wannan kuɗi, kuma shafin yana nunawa a lokacin biya. Kuɗin na dubawa ne, saboda haka ko an ce ba ka cancanta ba, ko takarda ɗaya ce ta rage, ko kai ne ka zaɓi kwas ɗin da ba shi kake nufi ba, ya tafi ke nan. In an kwatanta da UCAS, hukumar da ake neman jami'o'in Ingila ta hannunta, wadda ta karɓi ƙasa da Fam 30 a kan zaɓi biyar ga masu shiga a 2025, za a ce uni-assist ta fi tsada. Amma UCAS miƙawa kawai take yi, ba ta auna takardun kowa, kuma abin da ke jiran ɗalibi a bayanta kuɗin makaranta ne na dubban Fam, alhali yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu.

Wahalar ba a yawan kuɗin take ba, a isar da shi take. Ana biya da katin banki ko ta tura kuɗi zuwa asusunsu. Katin naira ba kullum yake wucewa ba, ko dai banki ya rufe sayayyar waje ko ya sa mata iyaka, shi ya sa katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali. Mai turawa ta banki kuma ya kula da abu biyu. Na farko, bankunan da kuɗin ke ratsawa suna yankar nasu a hanya, sai ka tura 75 cif, 60 da 'yan kai su isa Berlin, fayil ɗinka ya zauna ba wanda ya taɓa shi, domin ba a fara dubawa sai kuɗi ya cika. Ka gaya wa bankinka duk cajin a kanka yake. Na biyu, a rubuta lambar mai nema da cikakken suna a wurin bayanin turawa. Ɗan'uwa da ke Turai zai iya biya maka, kuma hakan ya fi sauri da arha, amma idan sunansa kaɗai ya bayyana babu lambarka, kuɗin zai shiga ba a san na wane ne ba. Dole kuma kuɗin ya isa kafin ranar rufewa, ba wai a tura shi ranar ba.

Shafin neman, My assist, da Jamusanci da Turanci yake, kuma bai da rikitarwa sosai. Ka buɗe asusu da imel ɗinka, a ba ka lambar mai nema, ka cike bayanan kanka da tarihin karatunka, ka nemo kwas a kundinsu, ka zaɓi zangon da kake so, ka amsa tambayoyin da jami'ar ta sa, ka ɗora takardu, ka biya. Asusu ɗaya ake so mutum ya riƙe har ya gama. Wanda ya manta kalmar sirri ya buɗe sabo ya raba takardunsa gida biyu. Abin da ya fi cancantar yabo shi ne sauyin 'yan shekarun nan: a da sai an aika kwafin takardu masu hatimin tabbatarwa ta gidan waya zuwa Berlin, kuɗin aikawar ma wani lokaci ya kai na neman. Yanzu ɗorawa ta intanet ta wadatar ga mafi yawan jami'o'i, takardar da ka ɗora sau ɗaya kuma ta ishe ka dukkan kwasa-kwasan da ka zaɓa. Asalin takardun sai ranar rajista a jami'a ake neman ganinsu, don haka kada su yi nisa da kai.

Sauƙin ɗorawar ya zo da nasa sakaci. Hoton waya da aka ɗauka a kan tabarma, da inuwar hannu a gefe da kusurwa ɗaya a yanke, ba takarda ba ce a wurinsu. Ka je inda ake da na'urar sikanin mai kyau, a ɗauka da launi, gefuna huɗu su fito, hatimi da sa hannun rajistara su karantu, a mayar da kowace takarda fayil ɗin PDF guda. A ɗauki bayan takardar ma. Jami'o'in Najeriya da dama a bayan tiranskirif suke buga bayanin makinsu, wato A nawa ne, mene ne mafi ƙarancin ci, daga ina zuwa ina kowane aji na digiri yake. Mutane suna barin wannan shafi saboda babu sunansu a jiki, alhali da shi ake yin lissafin da zai yanke makomar neman.

Sai maganar suna, wadda ta fi damun mutanenmu fiye da kowa. WAEC ta ce Mohammed Sani Abdullahi, digiri ya ce Muhammad Sani Abdullahi Gwarzo, fasfo ya ce Abdullahi Muhammad Sani. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke zaune a Berlin bai san Gwarzo gari ba ne, bai san Sani ba sunan iyali ba ne, takarda uku yake gani da suna uku. Ka cike shafin daidai da yadda fasfo ya rubuta, harafi da harafi, domin sunan ne zai bi ka har takardar gurbi da biza. Idan akwai saɓani, ka haɗa da takardar rantsuwa ta kotu tun farko, kada ka jira a tambaya. Matar da ta sauya suna bayan aure ta haɗa da shaidar auren ko ta sauyin sunan. Haka ranar haihuwa: in ta WAEC daban ta fasfo daban, gyara ta tun kafin ka fara, don ko ta wuce a nan za ta tare ka a ofishin jakadanci.

Ma'aunin da uni-assist ke aiki da shi ba ɓoyayye ba ne, kuma wannan ne babban abin da ya sa muke cewa tana da adalci. Akwai rumbun bayanai na gwamnatin Jamus mai suna anabin, kowa na iya shiga kyauta. Da Jamusanci yake, amma fassarar burauza ta isa. Ka nemi ƙasarka, ka nemi jami'arka, ka duba alamar da ke gabanta. H+ na nufin an amince da ita a matsayin jami'a. H- na nufin ba a amince ba. H+/- na nufin sai an duba digirin kansa. Minti goma wannan binciken ke ci. Wanda ya yi digiri a wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta a Kwatano ko makamancinta ya fara da nan kafin ya taɓa katinsa. Mai HND shi ma ya yi hattara, domin yawancin jami'o'in Jamus ba sa ɗaukar ta daidai da digirin farko, kuma ƙara PGD a kai ba lallai ya sauya hukuncin ba. Gara ya rubuta wa jami'ar imel ya ji daga bakinta, amsar kyauta ce.

Juya maki shi ne inda ake yawan mamaki. A Jamus 1.0 ne mafi kyau, 4.0 ne ƙarshen ci, wato lambar tana ƙaruwa ne yayin da sakamako ke lalacewa. Ana amfani da wata ƙa'ida da aka sani da ƙa'idar Bavaria: ka ɗebe makinka daga maki mafi girma, ka raba da tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙarancin ci, ka ninka sau 3, ka ƙara 1. Ɗauki ma'aunin 5.0 da yawancin jami'o'in Najeriya ke kai, a ce mafi ƙarancin ci 1.0 ne. Mai 4.50, wato bakin aji na ɗaya, zai fito da 1.3. Mai 3.50 zai fito da 2.1. Mai 3.00 zai tsaya a 2.5 daidai. Mai 2.40 zai samu 2.9. Lamba ɗaya ake ɗauka bayan ɗigo, sauran a yar.

To ga inda bayan tiranskirif ɗin nan ke shigowa. Idan aka ɗauki 1.5 a matsayin mafi ƙarancin ci maimakon 1.0, mai 3.50 ya koma 2.2, mai 3.00 kuma ya koma 2.7. Kwasa-kwasan digiri na biyu da yawa 2.5 suke sa wa a matsayin iyaka, saboda haka mutum ɗaya da sakamako ɗaya zai iya tsallakewa a lissafin farko ya faɗi a na biyu. Ba mai nema ke zaɓar lambar da za a yi amfani da ita ba, ƙa'idojin hukumar tantance takardun waje ta Jamus da bayanin makin jami'arka ne ke yankewa. Abin da ke hannunka shi ne ka yi lissafin ta fuska biyun, ka ɗauki mafi munin a matsayin naka, ka zaɓi kwas da shi. Kuma ka sani cika iyakar ba samun gurbi ba ne. A kwas ɗin da ake rububinsa, irin kimiyyar kwamfuta da Turanci, 2.5 izinin shiga layi ne kawai.

Suna son ganin tarihin karatu ba tare da giɓi ba, kuma a nan akwai tarkon da ya shafi 'yan Arewa musamman. Wanda ya shiga jami'a a aji biyu ta hanyar IJMB ko difloma ko NCE, tiranskirif ɗinsa shekara uku zai nuna a digirin shekara huɗu. Mai dubawa zai nemi shekarar da ta ɓace. Ka ɗora sakamakon da ya ba ka damar tsallake ajin farko, tare da nasa jerin darussan. Wanda ya fara a wata jami'a ya ƙarasa a wata, kamar ɗaliban da yaƙin Sudan ya dawo da su a 2023, yana buƙatar sakamakon wuraren biyu. Takardar kammala sakandare ma jami'o'i da dama suna neman ta ko da digiri na biyu kake nema. Ana tantance WAEC da NECO ta intanet, saboda haka ka sayi sabon katin duba sakamako ka ba da lambobinsa. Sabo fil, wanda ba ka gwada ba, domin katin yana da iyakar sau nawa ake amfani da shi.

Takardun Turanci da na Jamusanci ba sa buƙatar fassara. Na Larabci, irin na waɗanda suka gama a Masar ko Sudan ko Saudiyya, sai an haɗa da fassarar mai fassara da hukuma ta amince da shi, kuma a ɗora asalin Larabcin tare da fassarar. Fassara ita kaɗai ba ta wucewa, haka nan wadda ka yi da kanka komai iya harshenka. Na Faransanci, na 'yan Nijar da Kamaru da Chadi, wasu jami'o'i suna karɓa haka nan, wasu sai da fassara.

Akwai abin da uni-assist ba za ta gaya maka ba, kuma shi ya fi kowane abu kayar da masu neman digiri na biyu. Jamusawa suna son digiri na biyu ya ɗora a kan na farko kai tsaye. Shafin kwas zai ce, misali, sai kana da adadi kaza na makin ECTS, wato ma'aunin nauyin darussa na Turai, a lissafi, kaza a ƙididdiga. Mai digiri a fannin tattalin arziki da ke son komawa kimiyyar bayanai zai iya samun 1.5 kuma a ƙi shi, domin darussan lissafin da ya yi ba su kai ba. Ka zauna da tiranskirif ɗinka da sharuɗɗan kwas ɗin gefe da gefe, ka ƙirga darasi bayan darasi. Idan sunan darasin a takardarka bai nuna abin da aka koyar a ciki ba, ka karɓo kundin bayanin darussa daga sashenku ka haɗa. Da yawa daga waɗanda ke zargin uni-assist da hana su gurbi, a gaskiya jami'a ce ta ƙi su a kan wannan.

Mai WAEC ko NECO kaɗai da ke son digirin farko, shi ne wanda muka fi ja wa kunne. Shafin uni-assist da na DAAD duka suna da wurin gwaji kyauta, inda za ka sa ƙasarka da irin takardarka da darussan da ka ci, a nuna maka matsayinka. Sakamakon ɗayan uku ne: shiga kai tsaye, shiga amma a fannin da ya dace da darussanka kaɗai, ko kuma sai ka bi ta Studienkolleg. Wannan makarantar share fage ce ta zango biyu, an raba ta bisa fanni: T na injiniya da kimiyya, M na likitanci, W na tattalin arziki, G da S na adabi da harsuna. Da Jamusanci ake koyarwa, ana yin jarrabawar shiga, ana neman shaidar harshe matakin B1 ko B2, ana kuma rufewa da jarrabawar da ita ce ke buɗe ƙofar jami'a. Yawancin digirin farko ma da Jamusanci ne, kuma shaidar da ake karɓa irin su TestDaF mai mataki 4 a sassa huɗu ne, ko DSH-2, ko telc C1 Hochschule. Likitanci, wanda iyaye suka fi tambaya a kai, da Jamusanci ake yin sa a jami'o'in gwamnati, kuma kason waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba kusan 5 cikin 100 ne na guraben. Yaron da bai fara koyon harshen ba, kuɗin neman gara a kai shi ajin Jamusanci. Ga kwasa-kwasan Turanci kuwa, wasu jami'o'i suna karɓar wasiƙar da ke nuna da Turanci aka koyar da kai, wasu sai IELTS, galibi 6.0 ko 6.5. Idan shafin ya ce IELTS, kada ka gwada sa'a da wasiƙa. Mai dubawa ba shi da ikon yi maka rangwame.

Lokaci shi ne babban raunin wannan hidima. A ƙa'ida mako 4 zuwa 6 ake ɗauka daga ranar da kuɗi da takardu suka cika, kuma yakan zarce haka idan wa'adi ya matso. Suna wallafa tsawon jiran kowane yanki a shafinsu, abin a yaba ne, amma sanin tsawon layi ba ya rage shi. Wa'adin da aka fi sani shi ne 15 ga Yuli na zangon hunturu da ke farawa a Oktoba, da 15 ga Janairu na zangon da ke farawa a Afrilu. Na digiri na biyu sau da yawa yana riga haka, wani a Maris, wani a Afrilu ko Mayu. Su da kansu suna ba da shawarar a miƙa mako 8 kafin rufewa, kuma dalilin yana da muhimmanci. Idan aka duba aka ga takarda ta rage, ana sanar da kai, kuma kana da damar cikewa muddin wa'adi bai wuce ba. Wanda ya miƙa a tsakiyar Mayu, sanarwar za ta same shi a ƙarshen Yuni da sauran kwanaki a hannunsa. Wanda ya miƙa 10 ga Yuli, sanarwa iri ɗaya za ta same shi a Agusta, an riga an rufe. Kuskure ɗaya ne, na farko ya gyara, na biyu ya rasa kuɗi da zango. Ga masu son aikin daren ƙarshe kuma: agogon Jamus ake bi, kuma a watan Yuli yana gaban na Kano da Yamai da awa ɗaya, yana gaban na Accra da awa biyu. Ƙarfe 11 na dare a Kano an rufe.

A kan wannan sai ka ɗora jinkirin gida. Fitar da tiranskirif daga wasu jami'o'inmu yana cin makonni, wani lokaci watanni. Mai son Oktoba ya fara bin sa tun Janairu.

Yanzu VPD. Takarda ce da ke bayyana takardun da ka gabatar, da irin karatun da suka ba ka damar nema, da makinka a ma'aunin Jamus. Shekara ɗaya take aiki daga ranar da aka fitar da ita, kuma ta jami'ar da ka nema dominta ce kaɗai, ba a ɗauka a kai wata. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya nemi VPD, ya biya, ya zauna yana jiran gurbi, alhali bai nemi komai a jami'ar ba tukuna. Matakai biyu ne, kuma wa'adin jami'ar na mataki na biyu ne. Kwasa-kwasan TUM da yawa 31 ga Mayu suke rufewa, don haka VPD ɗinsu a Maris ya kamata a nema. Wasu jami'o'i suna son ta a hannu kafin rufewa, wasu suna karɓar shaidar cewa ka nema su jira. Amfaninta shi ne da ita ɗaya za ka iya neman kwas fiye da ɗaya a wannan jami'ar, kuma ka ga makinka a rubuce kafin ka ci gaba. Idan ta iso ka karanta ta layi-layi. In an rubuta suna ba daidai ba, ko aka yi lissafi da ma'aunin da ba na jami'arka ba, ka rubuta musu nan take tare da shafin da ke nuna daidai.

Rubuta musun ma sai da haƙuri. Akwai fam ɗin tuntuɓa a shafin da layin waya, amma a watannin cunkoso amsa tana jinkiri, kuma sau da yawa gajeriya ce, ta hukuma, tana mayar da kai ga abin da ke rubuce a shafi. Wasiƙar sakamakon ita ma haka take: tana faɗin abin da ya rage ko sharaɗin da bai cika ba, ba ta faɗin me ya kamata ka yi. Tambaya guda, da lambar mai nema a sama, da takardar da ake magana a kai a haɗe, ta fi saurin samun amsa mai amfani fiye da doguwar wasiƙar roƙo. Ka riƙa leƙa akwatin saƙon da ke cikin asusunka da kuma wurin da imel ke jefa saƙonnin banza.

Game da dillalai, babu abin da ke cikin shafin nan da mai digiri ba zai iya cikewa da kansa ba, kuma babu dillalin da ke da hanyar sa a duba fayil da wuri ko a ɗaga maki. In dole sai an taimaka maka, asusun ya kasance da imel ɗinka da kalmar sirrinka. Wanda ya bar dillali ya buɗe da nasa imel, sanarwar takardar da ta rage can za ta tafi, takardar gurbin ma haka.

Yuro 75 ɗin nan kuma shi ne mafi ƙanƙantar kuɗin da tafiyar za ta ci, gara a san sauran tun kafin a biya shi. Biza tana buƙatar shaidar kuɗin zama, galibi ta kullallen asusu da ake zuba Yuro 11,904 na shekara, ana sakar wa ɗalibi 992 duk wata. Kuɗin bizar kanta Yuro 75 ne. Kowane zango akwai kuɗin hidimar ɗalibai na 'yan ɗaruruwan Yuro, ga inshorar lafiya ta wata-wata. Batun karatu kyauta ma yana da togaciya. Jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, wanda ya shafi Stuttgart da Heidelberg da Freiburg da Karlsruhe. TUM kuma tun zangon hunturu na 2024 tana karɓar 2,000 ko 3,000 a digirin farko, 4,000 ko 6,000 a na biyu, kowane zango. An yarda ɗalibi ya yi aikin cikakkun kwanaki 140 a shekara ko rabin yini 280, amma ofishin jakadanci ba ya lissafa wannan a cikin shaidar kuɗi.

Wanda ya nema a wa'adin 15 ga Yuli, takardar gurbinsa takan zo a Agusta ko ma Satumba, karatu kuma Oktoba ne, ga layin ganawar biza mai tsawo. Saboda haka idan kwas biyu sun yi maka daidai, wanda ke rufewa a Maris ko Afrilu ya fi wa mai zuwa daga Afirka ta Yamma, domin amsarsa tana fitowa da sauran watanni a gaba. In kuma takardar ta zo a makare, ka rubuta wa ofishin ɗaliban waje na jami'ar a ranar, ka tambayi ranar ƙarshe ta yin rajista, da ko za a ɗaga maka gurbin zuwa zango na gaba. Wasu suna ɗagawa, wasu kuma sai ka sake nema daga farko, ka sake biyan 75.